Na Kai Fuskata Busa

Tun da na dawo daga Busa ba ni da sakat. Duk wadda ta shigo gidana, ko ƙunshi ya kawo ta ko aron turmi, sai ta gyara zama ta ce, "Hassi, wai mi anka yi miki can?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kowace ta fita sai ta ƙara nata gishirin. Shekaranjiya a kasuwa na ji ana cewa wai da wutar lantarki aka gasa mini fuska. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin tun daga farko, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Sana'ata gyaran amare ce a nan Yelwa. Lalle da kurkum da sabulun salo da man kaɗe da turaren wuta, su na gada wurin Inna, kuma da su nake riƙe da 'ya'yana huɗu tun rasuwar babansu. Da aka ba mu jiharmu ta Kebbi, sai ma'aikata suka riƙa dawowa gida daga Sakkwato da Kaduna, da matansu da sababbin kalmominsu. A bakin waɗannan matan na fara jin ana cewa feshiyal. Ban damu ba sai da kaka ta yi, lokacin bukukuwa, aka ɗauke mini amare uku a jere aka kai su Kaduna. Uwar ɗaya daga ciki ta zo ba ni haƙuri, ta ce, "Ba reni ba ne, Hassi. Ɗiyar ta ce ita feshiyal taka so." Na tambaye ta mene ne shi, ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba.

Amarya ɗaya ta rage mini a wannan watan, 'yar Hajiya Kulu maƙwabciyarmu, ita ma Hajiyar ta fara kauce wa haɗa ido da ni.

Yaya Ladi ce ta kawo shawarar tafiya. Yayar marigayi mijina ce, bandar kifi take yi tun tana budurwa, hayaƙi ya rine ta har fararen idanunta sun koma ja. Takan ƙetara kasuwar Malale sayen ɗanyen kifi. Ita ta ce ta ji labarin wata Bayarabiya a Sabuwar Busa da ke yi wa matan ma'aikatan dam ɗin wutar lantarki wannan abin.

"In kina son ganin abin da ka ci miki kasuwa, ki biyo ni," in ji ta. "Amma ni dai ba a taɓa mini huska. Wanda yay yi ta ya gama aikinai."

Mun tashi da safe a akori-kura mai zuwa Wara. Da muka wuce Birnin Yauri muka bar kwalta, sai hanya ta koma ramuka. An ɗora kwandunan Yaya Ladi a saman buhunan gishiri, mu kuma aka ɗora mu a saman kwandunan. Kusa da ni wata tsohuwa ce Bakambara mai rungume da zakara, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma duk ramin da muka faɗa sai ta riƙe mini gwiwa kada in zame. Wajen Ngaski taya ta fashe. Direba ya ce kowa ya sauka, ya ɗauko safaya, sai ga ita ma ba iska. Muka zauna a gindin wata ɗorawa har azahar ta gota kafin wata mota ta zo ta ara mana. Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta raba mana dafaffiyar gyaɗa. Ba mu shiga Wara ba sai bayan la'asar, jiragen ranar duk sun tashi.

A rumfar wata mai tuwo da Yaya Ladi ta sani muka kwana, bakin ruwa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, an zuba kifi ba rowa. Sauro kuwa na Wara ya fi namu girma da naci.

Washegari muka shiga jirgin Malam Garba, wani dattijo da bai cika magana ba. Jirgin katako ne dogo mai inji a baya, ba rumfa. An loda babura biyu, da awaki, da mu. Na sha shiga kwalekwale a Yelwa, amma ruwan Wara daban ne, sai ka duba gaba ka rasa gaɓa. Da muka yi nisa Malam Garba ya rage gudu yana kewaye wasu kututture da suka leƙo daga ruwa. Ya tambaye ni mutanen ina ne mu, na ce Inna 'yar Gungawa ce, a gungu, tsibirin tsakiyar kogi, aka haife ni kafin a tare ruwa a tashe mu. Ya nuna ƙasa da haɓarsa ya ce, "To irin garuruwanku na nan ƙarƙashinmu. Waɗanga itatuwan kasuwa ce." Na leƙa, ban ga komai ba sai ruwa mai launin ƙasa. Wata akuya ta samu bakin mayafina tana tauna, sai na koma kanta.

A Malale muka tarar da iyakar jiha, in dai tebur da benci iyaka ne. Wani ma'aikaci na zaune da littafi, a bayansa allo an shafe Kwara da farin fenti an rubuta Neja, tsohon rubutun na leƙowa ta ƙasa. Su ma a lokacin da aka yanke mu aka sauya musu jiha. Ya tambayi daga inda muka fito. Yaya Ladi ta ce Sakkwato, ni na ce Kebbi, a tare. Ya ajiye biro ya dube mu.

"Tare kuke ko ba tare kuke ba?"

"Gida guda muke," in ji Yaya Ladi. "Ni ban saba ba ne. Kai ka saba da taka?"

Ya waiga ya dubi allon, ya yi dariya, ya ce mu wuce.

Ta bar kwandunanta wurin dillalinta, muka shiga mota zuwa Sabuwar Busa. Garin ya ba ni mamaki, domin an shirya shi ne kamar an ja layi da igiya, gidaje iri ɗaya na siminti, har ka rasa wanda ka fito daga ciki. Muna sauka a tasha sai muka ji ana kira, "Wara! Wara!" Yaya Ladi ta ce ashe akwai motar Wara kai tsaye muka sha wuyar ruwa, bari ta tambayo don komawa. Muka bi muryar har bayan rumfuna, sai ga wata Bafulatana da ƙwarya cike da cuku. Haka suke kiransa a can. Tunda mun riga mun zo, muka saya. Soyayye ne, da yaji, kuma ya yi daɗi.

Gidan Hajiya Asabe muka sauka, Banufiya ce, abokiyar cinikin Yaya Ladi. Ta karɓe mu hannu biyu. Abin da na lura da shi a gidan, yara sukan durƙusa har ƙasa su daɗe in za su gaida babba, ba irin rusunawar da namu ke yi suna tafiya ba. Ta kawo mana sakwara da miyar agushi. Ni na ci. Yaya Ladi ta taɓa ta da yatsa ta ce wannan tuwo ne ko katifa, ta nemi a jiƙa mata gari.

Washegari da hantsi Hajiya Asabe ta raka mu salun ɗin. Shago ne ɗaki biyu kusa da gidajen ma'aikata. Na farko na gyaran gashi ne, mata biyu na zaune kawunansu cikin wasu manyan kwanoni masu huci, suna karanta mujalla kamar ba abin da ke faruwa. Yaya Ladi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Innalillahi, dahwa su akai?" Mai shagon ta fito daga ɗaki na biyu tana share hannu. Mama Bose ake ce mata, doguwa ce, za ta girme ni kaɗan, ta daɗe a arewa har Hausarta ta nuna, sai dai harshen bai saki ba.

Ban ɓoye mata komai ba. Na ce ni ma sana'ar da nake yi ke nan a Yelwa, an kwashe mini amare saboda wannan abin, na zo in gani da idona. Na zaci za ta ɓata rai. Sai ta ce, "To ba a gani da ido. Ki kwanta a yi miki, shi ne za ki sani."

Ta kwantar da ni a wani siririn gado mai ɗaga kai, ta ɗaure mini gashi da tawul, ta jawo fitila mai gilashin ƙara girma ta haska fuskata. Ta daɗe tana dubawa ba ta shafa komai ba. Sai tambayoyi: da wane sabulu nake wanka, wane mai nake shafawa, ina girki da itace, akwai abin da in na shafa yake mini ƙaiƙayi. Shekara ashirin ina gyara fuskokin mutane, ban taɓa tambayar amarya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da na kwaɓa wa ta farko shi nake kwaɓa wa ta ƙarshe.

Ta wanke fuskar da wani farin ruwa mai kama da madara, ta goge da auduga, ta nuna mini audugar. Ta yi baƙi, ga shi kuwa na yi wanka da safe. Daga nan ta murza wani abu mai tsakuwa-tsakuwa, wanda a hannu bai bambanta da dussar da nake haɗawa da kurkum ba, sai dai ƙamshi. Sannan ta turo wani inji mai dogon wuya, ta kunna, ya fara feso mini turiri. Bai fi minti biyu ba aka ɗauke wuta.

Matan da ke cikin kwanoni suka yi tsaki a ɗaya ɗakin. Yaya Ladi, da ke zaune a benci tana kallon komai, ta ce, "A garin da aka yin wutar?" Mama Bose ta ce haka suke fama, mu jira, don in ba turiri fatar ba za ta buɗe ba. Muka jira har na fara jin abin da ta murza yana bushewa. Sai na ce mata, in dai turiri ne kawai, ba ta da risho da tukunya? Ta ce akwai. Aka tafasa ruwa, na tashi zaune na sunkuya a kan tukunyar, Yaya Ladi ta yafa mini zane ta rufe ni ruf. Surace dai, irin wanda ake yi wa mai mura. Da na fito ina zufa Mama Bose ta taɓa kumatuna ta ce ya yi, har ya fi na injin.

Abin da ya biyo baya shi ne mai zafi. Ta naɗe yatsunta da auduga ta riƙa matse gefen hancina da haɓata, tana fitar da wasu baƙaƙen ɗigo da ban san ina ɗauke da su ba. Hawaye suka riƙa zubo mini ba don kuka ba. Tana cikin haka ta tsaya a kan tsagar da ke kumatuna, ta bi ta da ɗan yatsa.

"Akwai mai da nake sayarwa," ta ce. "Ba ya gogewa duka, amma yana disashewa. Mata da yawa suna saya."

Na ce a'a. Wanzamin da ya yi mini ita ya rasu, garin da aka yi ta ma yana ƙarƙashin ruwa, a bar mini kayana. Ta ɗauki auduga ta jiƙa, ta goge hodar da ke kumatunta na dama, ta sunkuyo kusa da fitila. Layi uku ne a tsaye, irin na mutanensu. Ta ce ta shafa man nan shekara biyu tana budurwa a Legas, ga sakamakon. Ta mayar da hodarta ta ci gaba da aiki.

Daga nan ta shafe ni da wata laka mai sanyi, ta ɗora mini yankan kokwamba a idanu, ta ce kada in yi magana. Ina jin Yaya Ladi tana gaya wa Hajiya Asabe cewa saura gishiri da manja a kai ni tebur. Da lakar ta bushe aka wanke, sai ta zuba mai a tafin hannu ta fara murza mini fuska, daga haɓa zuwa kunne, daga goshi zuwa gefen ido, a hankali, ba ta ɗaga hannu. Wannan ne ban taɓa sanin irinsa ba. Mu muna murza amarya ne da ƙarfi don ta yi haske. Ita kuwa kamar tana lallashin fatar. Ban san lokacin da jikina ya mutu ba.

Da ta ba ni madubi, ni ce dai. Ban yi fari ba, ban koma yarinya ba. Fuskar ta yi sumul, ta yi laushi kamar ta jariri, shi ke nan. Kafin mu fita ta tambaye ni yadda nake haɗa lallena yake kamawa ya yi duhu, na gaya mata, ta rubuta a bayan wata takarda. Sannan ta ja mini kunne: kwana biyu kada in shiga rana, kada in kusanci hayaƙi, fatar sabuwa ce.

Na amsa da to, alhali na san da safe za mu koma. Kifin Yaya Ladi na jira a Malale, ɗanyen kifi kuma ba ya jiran fuskar kowa.

Mun samu jirgin Malam Garba zai koma Wara. Na lulluɓe da mayafi na zauna. Muna tsakiyar ruwa kainuwa ta naɗe farfelar inji, ya yi tari ya mutu. Malam Garba ya cire ciyawar, ya ja igiya, ya sake ja, shiru. Ya kwance injin ya baje ƙarafa a kan buhu. Tun hantsi muke wurin har rana ta karkata. Ba inuwa ko ta tafin hannu, rana ta sama, ruwa kuma yana mayar da ita ta ƙasa, mayafina kuwa shara-shara ne. Yaya Ladi ba ta kula da ni ba, hankalinta na kan kwandunanta, tana yayyafa musu ruwa tana salati. Da injin ya tashi, hayaƙinsa ni ya riƙa bugowa har Wara. Kifin ya tsira da ƙyar. A nan Wara ta nemi aron banda ta gasa shi, ni kuma na taya ta juyawa, don ba yadda za a yi in zauna ina kallo.

Na iso Yelwa fuskata na raɗaɗi. Kwana biyu ta kumbura, a na uku ta fara saɓa kamar bawon rogo. Na kulle kaina a ɗaki ina shafa man kaɗe, na ce wa yara duk wanda ya zo a ce ba ni nan. Hajiya Kulu ba ta saurari yara ba, ta ɗaga labule ta shigo. Ta tsaya ta dube ni da kyau.

"Wanga shi ne feshiyal ɗin?"

Na ce ba shi ba ne, rana ce ta ƙona ni a jirgi, matar ta yi aikinta daidai, ni ce ban bi maganarta ba.

"Ke dai an yi miki, ko ba a yi ba?"

Na ce an yi.

"To ɗiyata ba ta zuwa ko'ina. Ki yi mata abin da Innarki tay yi min."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mata suka riƙa zuwa dubiya, kowace ta leƙa ta kama baki. Na yi ta maimaita maganar rana da jirgi, ba wadda ta tafi da ita. Cikin wata guda aka kawo mini amare fiye da na bara. Abin bai yi mini daɗi yadda ya kamata ba, domin na san a kan ƙarya kasuwar ta dawo, kuma baiwar Allah can Busa ba ta yi mini komai ba sai alheri. Duk wadda ta karanta wannan ta sani: ba ita ta ƙona ni ba.

Fuskata ta warke cikin kwana goma. 'Yar Hajiya Kulu na yi mata lalle da kurkum kamar yadda aka ce, amma sai da na zaunar da ita a bakin ƙofa inda haske yake, na duba fatarta, na yi mata tambayoyi. Ashe sabulun salo na sa mata ƙuraje, ba ta taɓa faɗa ba don ba a taɓa tambayarta ba. Na cire shi. Na yi mata surace, na murza mata fuska a hankali. Ban kira abin da wani suna ba, uwar ma ba ta tambaya ba.

Bayan bikin da mako guda, ranar wata Laraba da hantsi, Yaya Ladi ta shigo. Ba ta saba zuwa a wannan lokacin ba, lokacin aikin banda ne. Ta zauna ta yi zancen tsadar itace, ta yi zancen wani dillali da ya ɓata mata rai, sannan ta leƙa tsakar gida ta ga ba kowa.

"Rufe ƙofa," ta ce. "Wancan na ƙarshe da tay yi miki, na murzawa. Shi kaɗai. Ban son laka, ban son kayan miya ga ido."

Na shimfiɗa tabarma, ta kwanta ta ɗora kai a cinyata. Na wanke mata fuska da ruwan ɗumi sau uku kafin tsumman ya daina yin baƙi. Fatar ta yi tauri kamar ƙirgi, ga tabon tartsatsi nan birjik a goshi da kumatu. Na narka man kaɗe a tafin hannu na fara, daga haɓa zuwa kunne. Da farko ta ɗaure fuska tana ƙifta ido. Can sai ta ce, idonta a rufe, rabon da wani ya taɓa mata fuska tun tana yarinya Innarsu na sa mata kwalli. Jim kaɗan na ji numfashinta ya sauya, ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, amma ban motsa ba har aka kira azahar.

Ta farka a firgice tana tambayar wa ke duba mata wuta. Na miƙa mata madubi. Ta juya dama, ta juya hagu, ta shafa kumatu da bayan hannu.

"Baƙina na nan inda yake," ta ce.

Na ce yana nan.

Ta ɗaura ɗankwali, ta saka takalmi, ta kai bakin ƙofa sannan ta tsaya ba ta waigo ba.

"Laraba ba ni da kasuwa. In kin gaya ma wani, ni da ke ne."

Na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, ai ƙawayenta ba su iya karatu ba.